Faya-fayan Ajantina da Mutumin da ya Yaudari Hannah Arendt

A shekarar 1957, a wani gida da ke bayan birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina, wasu tsofaffin 'yan Nazi sun ɗauki watanni suna haɗuwa a ƙarshen mako, ana hira, na'urar naɗar murya tana juyawa. Mai gidan shi ne Willem Sassen, ɗan ƙasar Holan da ya yi wa rundunar SS aikin jarida a lokacin yaƙin duniya na biyu. Babban baƙon zaman kuwa wani mai sanƙo ne da tabarau, wanda a lokacin yake kula da wata gonar zomaye, takardunsa kuma suka ce sunansa Ricardo Klement. Babu wanda bai san ko wane ne shi ba a ɗakin. Adolf Eichmann ne, jami'in da ya shugabanci ofishin kula da al'amuran Yahudawa a hedkwatar tsaron gwamnatin Hitler, wanda jiragen ƙasa suka riƙa kwasar mutane zuwa sansanonin kisa bisa jadawalin da ofishinsa ya tsara.

Sassen da abokinsa Eberhard Fritsch, mai kamfanin ɗab'i, littafi suke son fitarwa da zai wanke Hitler, ya kuma nuna cewa zancen kashe Yahudawa miliyan shida ƙage ne. Sun zaci Eichmann zai ba su hujja. Sai ya ba su kunya. Ya tabbatar musu an yi kisan, da tsari aka yi shi, kuma shi yana cikin waɗanda suka tsara. A wani jawabi da ya yi musu gab da ƙarshen zaman, ya ce ba ya nadamar komai, kuma da a ce sun gama da duka Yahudawa miliyan 10.3 da ƙididdigarsu ta nuna, da hankalinsa ya kwanta cewa sun kawar da maƙiyi. Ya yarda shi ma'aikacin ofis ne mai taka-tsantsan, amma ya ce a cikin wannan ma'aikacin akwai mayaƙi mai zafin aƙida da ke fafutukar kare jinin al'ummarsa.

Bayan shekara huɗu, wannan mutumin yana zaune cikin akwatin gilashi a wata kotu a birnin Kudus, yana gyara takardu, yana miƙewa tsaye cikin ladabi duk sa'ad da alƙali ya yi masa magana. Ya ce shi ɗan aike ne. Bai taɓa kashe kowa da hannunsa ba, bai tsani Yahudawa ba, umurni ake ba shi daga sama, shi kuma ya yi rantsuwar biyayya. A cikin masu kallonsa akwai Hannah Arendt, ɗaya daga cikin manyan masu falsafar siyasa na ƙarni na 20, kuma ta fito daga kotun da hukuncin da ya bi duniya: wannan ba dodo ba ne, mutum ne da bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin da yake aikatawa ba. Fiye da shekara 60 ke nan ana tambaya, a cikin mutanen nan biyu wane ne Eichmann na gaskiya? In kuma na Ajantina ne, yaya aka yi mace mai basira irin Arendt ta kasa gane shi, kuma me ya sa fahimtarta ta ƙi mutuwa?

Arendt ba daga nesa ta san 'yan Nazi ba. Bayahudiya ce, an haife ta a 1906 kusa da birnin Hanover na Jamus, shekara ɗaya da Eichmann. Ta yi karatu a hannun Martin Heidegger da Karl Jaspers. A 1933 'yan sandan Gestapo suka kama ta a Berlin suka tsare ta 'yan kwanaki, tana fita ta tsere Faransa. A 1940 hukumomin Faransa suka kai ta sansanin Gurs, daga nan ma ta sulale, ta isa New York a 1941. Ta kwashe shekara 18 ba ta da takardar zama 'yar kowace ƙasa. Littafinta na 1951 a kan tushen mulkin kama-karya, wanda ya jera Hitler da Stalin a layi ɗaya, ya bayyana muguntar sansanonin kisa a matsayin sabon abu mai saiwa mai zurfi: tsarin da ke mayar da ɗan Adam rarar kaya, abin da za a iya zubarwa. Ba ta kuma kasance bakin kowa ba. A 1948 ita da Albert Einstein suna cikin waɗanda suka sa hannu a wata wasiƙa ga jaridar New York Times suna sukar jam'iyyar ɗan siyasar Isra'ila Menachem Begin.

Da jami'an leƙen asirin Isra'ila suka cafke Eichmann a kan titin Garibaldi ranar 11 ga Mayu, 1960, suka fitar da shi daga Ajantina a ɓoye, Arendt da kanta ta nemi mujallar The New Yorker ta tura ta. Tana son ta ga ɗaya daga cikin masu kisan ido da ido. An buɗe shari'ar ranar 11 ga Afrilu, 1961, gaban alƙalai uku ƙarƙashin Moshe Landau. Mai gabatar da ƙara, Gideon Hausner, ya kira shaidu fiye da 100, ya zana Eichmann a matsayin shaiɗan cikin siffar mutum.

Ita kuwa wani abu daban ta gani. Ta ga mutumin da ba ya iya haɗa jimla sai da maganganun da aka riga aka tauna, wanda ya faɗa da bakinsa cewa harshen ofis ne kaɗai harshensa. Ta karanta bayanan tambayoyin da ɗan sanda Avner Less ya yi masa na kimanin awa 275, ta ga yadda Eichmann ke kai kukansa ga Less cewa an danne shi, ba a ƙara masa girma ya wuce laftanar kanar ba, alhali mahaifin Less ɗin a Auschwitz aka kashe shi. Wannan ya tsaya mata a rai. Ta ce mutumin da ke neman tausayi a wurin maraya kan rashin ƙarin girma a hukumar da ta maraita shi, ba ya iya kallon duniya da idon wani ko da na daƙiƙa ɗaya. Daga nan ta gina fahimtarta: ana iya tafka mugunta mafi girma ba tare da zuciya mai ƙuna ba, in dai an samu mutanen da suka ajiye tunani suka riƙe aiki. Rahoton ya fito kashi biyar a mujallar a farkon 1963, sannan ya zama littafi mai suna Eichmann a Kudus.

Ƙura ta tashi nan take. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai ma ba batun Eichmann ba ne, wasu 'yan shafuka ne da ta ce majalisun Yahudawa da 'yan Nazi suka naɗa sun sauƙaƙa aikin kwasar jama'a. Ta rasa aminai. Malamin nan Gershom Scholem ya rubuto mata cewa ba ta da ƙaunar mutanenta. A amsarta ta ce ta canza ra'ayi daga abin da ta rubuta a 1951: yanzu ta yi imani mugunta ba ta da zurfi, tana dai yaɗuwa ne a sama kamar funfuna har ta rufe duniya, alheri ne kaɗai ke da saiwa. A ganina ta yi wa waɗannan majalisu tsauri fiye da kima, domin ta auna mutanen da wuƙa ke wuyansu da ma'aunin wanda ke da zaɓi. Amma wannan wata shari'a ce dabam.

Abin da ya ba da wahala shi ne, hirar Ajantina ba a ɓoye take gaba ɗaya ba. Bayan kama Eichmann, Sassen ya sayar da wasu sassa, mujallar Life ta Amurka ta buga su a ƙarshen 1960. Arendt ta karanta, ta ma ambace su. Ta kuma san shaidar da Dieter Wisliceny, yaron Eichmann, ya bayar a kotun Nuremberg, cewa ubangidansa ya ce zai yi tsalle ya faɗa kabari yana dariya domin mutum miliyan biyar na wuyansa. Ta ɗauki duk wannan a matsayin cika baki, ta ce alfahari ne ciwon Eichmann. Hausner shi ma ya samu ɗaruruwan shafuka na kwafin hirar, amma babu faya-fayan a hannunsa. Eichmann ya ce an yi masa ƙari, an yi hirar cikin maye, kotu kuma ta karɓi kawai shafukan da ke ɗauke da gyaran da ya yi da hannunsa. Sauran suka warwatse, wasu a hannun iyali, wasu a hannun masu ɗab'i, wasu a gidajen adana tarihi an jera su ƙarƙashin sunayen da ba nasu ba.

Masanin tarihi David Cesarani ya fara rusa hoton ɗan aiken a tarihin rayuwar Eichmann da ya wallafa a 2004. Amma wadda ta bi sawun takardun ɗaya bayan ɗaya ita ce Bettina Stangneth, wata masaniyar falsafa daga Hamburg. Ta shiga gidajen adana tarihi masu yawa, ta haɗa kwafin hirar da ya kai shafi 1,300, ta gwada shi da muryar da ta rage a faifai, ta tantance wa ya faɗi me. Littafinta, Eichmann Kafin Kudus, ya fito da Jamusanci a 2011. Abin da ta tono ya wuce hira. Ta samu rubuce-rubucen da Eichmann ya yi da hannunsa a Ajantina, har da daftarin buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Konrad Adenauer. A cikin waɗannan rubuce-rubuce, mutumin da ya gaya wa kotun Kudus cewa ya yi ƙoƙarin rayuwa bisa koyarwar masanin falsafa Kant, shi ne ke yi wa duk wata ɗabi'a da ta game 'yan Adam ba'a, yana cewa doka ɗaya ce a duniya, ita ce gwagwarmayar jinsi da jinsi har ɗaya ya shafe ɗaya. Kimanin awa 15 na muryar suna ajiye a gidan adana tarihi na gwamnatin Jamus da ke Koblenz, kuma a 2022 wani shirin fim na Yariv Mozer ya sa jama'a suka ji ta da kunnensu. Daga nan gardama ta ƙare a kan ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Bincikenta ya kuma nuna yadda aka ɗinka rigar ɗan aiken. A gidan Sassen ana karanta littattafan farko da masana tarihi irin su Gerald Reitlinger da Léon Poliakov suka rubuta a kan kisan, shafi bayan shafi, Eichmann yana sharhi. Wato shekaru kafin a kama shi ya san takardun da ke hannun abokan gaba, ya san waɗanda babu, ya san inda zai amsa da inda zai ce ya manta. Da ma gwanin sauya fuska ne. A ofishinsa na Vienna a 1938 yakan nuna wa shugabannin Yahudawa shi ne mai iko da rai da mutuwa, a Ajantina ya zama jarumin da tarihi ya ci amanarsa, a Kudus ya koma ƙaramin akawu. Kowane zaure ya shiga, yakan ba mutanen ciki abin da suke son ji.

To, me ya rufe wa Arendt ido? Ba ta zauna har ƙarshen shari'ar ba, ta bar Kudus kafin Hausner ya fara yi masa tambayoyin ƙwaƙƙwafi, inda zafin ransa da wayonsa suka riƙa leƙowa. Sauran a takarda ta karanta, takarda kuwa ba ta nuna murya. Sannan ba da hannu wofi ta shiga kotun ba. Tun 1946 Jaspers ya gargaɗe ta a wasiƙa cewa kada a ɗaukaka 'yan Nazi zuwa matsayin manyan shaiɗanu, a gan su a ƙanƙancinsu. Eichmann ya zo ya dace da wannan tunani kamar an auna. Akwai kuma abu na uku, wanda ni a wurina shi ne babba. Arendt ta tashi cikin manyan malamai, ta saba da cewa mai ra'ayi yana magana da fasaha. Da ta ji Jamusancin Eichmann mai kaushi da maimaici, sai ta ɗauka babu komai a bayansa. Ba ta kawo a ranta cewa mutum na iya yin tunani sosai, ya shirya hujjojinsa, ya karanta littattafai, amma tunanin nasa duka dafi ne. Alƙalan uku ba su faɗa wannan rami ba. A hukuncinsu na Disamba 1961 sun ce ya yi aikin ne da zuciya ɗaya, ya mayar da manufar tasa.

Da nan maganar ta tsaya, da an ce ta yi kuskure an rufe littafi. Abin da ya hana shi ne ƙasar Hangari. Eichmann ya isa Budapest a Maris 1944 da tawagar da ba ta wuce mutum 200 ba. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli aka kwashe Yahudawa kimanin 437,000, mafi yawansu zuwa Auschwitz. Mutum 200 ba za su iya wannan ba, komai ƙiyayyarsu. Dubban jandarmomin Hangari ne suka yi kamun, magatakardan ƙananan hukumomi suka rubuta sunaye, ma'aikatan jirgin ƙasa suka haɗa taragu. Raul Hilberg, wanda Arendt ta dogara ƙwarai da littafinsa na 1961, ya nuna cewa hukumar jiragen ƙasa ta Jamus kuɗin tikiti take caji a kan mutanen da ake kai wa mahallaka, yaro ƙasa da shekara goma rabin kuɗi, ƙasa da huɗu kyauta, tafiya ce ba dawowa. Wani ne ya zauna a tebur ya buga wannan lissafi, ya tashi ya koma gida wurin 'ya'yansa. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Arendt ta ɗauki Eichmann ƙaramin bafade alhali yana cikin masu riƙe da sandar, amma fadawan da ta siffanta suna nan, dubbai, kuma ba don su ba da ƙiyayyarsa ta tsaya a bakinsa.

Christopher Browning ya ƙarfafa wannan a littafinsa na 1992 kan bataliya ta 101 ta 'yan sandan ko-ta-kwana, magidanta kimanin 500 daga Hamburg, da yawansu 'yan dako da direbobi da masu shago. A Yuli 1942, a garin Józefów na ƙasar Folan, kwamandansu Manjo Wilhelm Trapp ya faɗa musu aikin da ke gabansu, ya ce duk wanda ba zai iya ba cikin manyansu ya fito gefe. Kusan mutum goma sha biyu ne suka fito. A ranar aka harbe Yahudawa kimanin 1,500. Babu wanda aka kashe don ya ƙi.

A nan ne tunaninta a kan mugunta ya haɗu da tunaninta a kan iko, wanda mutane suka fi mantawa, kuma a ganina shi ne ya fi ƙarko. A ɗan littafinta na 1970 a kan amfani da ƙarfi, ta raba iko da bindiga. Iko, in ji ta, ba kayan mutum ɗaya ba ne, yana samuwa ne sa'ad da mutane suka yi aiki tare, yana kuma watsewa ranar da suka janye. Bindiga na iya rusa iko, ba ta iya haifar da shi. Ko azzalumin da ya fi kowa yana bukatar wanda zai buɗe masa ofis da safe. Hujjarta tana cikin littafin Eichmann ɗin kansa, a babin da ya shafi Danmak. A kaka ta 1943, da wani jami'in diflomasiyyar Jamus, Georg Duckwitz, ya tsegunta ranar da za a yi kamun, 'yan ƙasar suka ɓoye maƙwabtansu, masunta suka tsallakar da Yahudawa fiye da 7,000 zuwa Suwidin. Waɗanda aka samu kamawa ba su kai 500 ba. Ofishin Eichmann ɗaya ne, umurnin ɗaya ne, ƙiyayyar ɗaya ce. Hannayen da za su aiwatar ne aka rasa. Shi ya sa a ƙarshen littafin, inda ta rubuta hukuncin da take ganin ya dace alƙalai su karanta masa, ta ce a siyasa biyayya goyon baya ce, kuma ta amince a rataye shi. Masu cewa ta wanke Eichmann ba su karanta ta har ƙarshe ba.

Duk da haka dole a faɗi ɓarnar da rabin fahimtarta ya yi a hannun wasu. A 1961, shari'a na gudana, Stanley Milgram ya fara gwajinsa a jami'ar Yale, inda mutum 26 cikin 40 suka ci gaba da danna maɓallin da suka zaci yana jona wa wani lantarki har zuwa matakin ƙarshe, don kawai mai rigar ɗakin gwaji ya ce a ci gaba. Milgram da kansa ya jingina sakamakon da Arendt. Daga nan darasin da ya shiga littattafan makaranta ya zama: kowa na iya zama Eichmann, yanayi ne kawai. Wannan magana tana da daɗi ga mai laifi, domin in kowa mai laifi ne to babu wanda za a tuhuma. Arendt ta ƙi wannan fassara tun tana raye. Daga baya masana halayyar ɗan Adam irin su Alex Haslam da Stephen Reicher suka sake duba bayanan Milgram, suka nuna mutane sun fi ci gaba sa'ad da aka gamsar da su cewa aikin yana da amfani ga ilimi, sun kuma fi tirjewa sa'ad da aka ba su umurni tsagwaronsa. Wato ko a ɗakin gwaji, yarda ce ke tura hannu, ba makauniyar biyayya kaɗai ba. Wannan ya fi kusa da Eichmann na faya-fayan.

Shi dai bai tuɓe rigar ba har ƙarshe. Ranar 29 ga Mayu, 1962, ya rubuta wa shugaban Isra'ila Yitzhak Ben-Zvi takardar neman afuwa da hannunsa, wadda ba a fito da ita fili ba sai 2016. A ciki ya roƙi a bambance shugabannin da suka ba da umurni da mutane irinsa da aka tilasta wa zama kayan aiki. Ben-Zvi ya ƙi, aka rataye shi a kurkukun Ramla bayan kwana biyu, aka ƙone gawar, aka watsa tokar a teku.

Rigar kuwa ta samu masu gado. A 2009 aka gurfanar da Kaing Guek Eav, wanda aka fi sani da Duch, tsohon malamin lissafi da ya shugabanci kurkukun S-21 na Khmer Rouge a Kambodiya, inda aka hallaka mutum fiye da 12,000. Ya yi watanni yana ba da haƙuri a gaban kotu, yana cewa tsoron na sama da shi ne ya sa shi, in bai yi ba shi da iyalinsa za a kashe. Amma takardun kurkukun suna nan, da rubutun hannunsa a gefen shafuka yana ba da umurnin yadda za a gana wa fursuna azaba. A ranar ƙarshe ta shari'ar ya juya ya nemi a sake shi. Kotu ta yanke masa shekara 35 a 2010, ya ɗaukaka ƙara, a 2012 aka mayar da shi ɗaurin rai da rai.